Tashi da Faɗuwar Kamfanin Jiragen Sama na British Caledonian

Gabatarwa

A shekarun 1970 da 1980, duk ɗalibi ko ɗan kasuwar da ya taso daga Bunguɗu ko Gusau da niyyar zuwa Ingila, sai ya bi ta Kwatarkwashi da Tsafe da 'Yankara, ya sauka filin jirgin sama na Kano. Jirgin da ya fi yiwuwa ya tarar a can, in ba na Nigeria Airways ba, shi ne mai shuɗiyar wutsiya da hoton zaki ruwan zinariya, watau na kamfanin British Caledonian. Yau babu wannan kamfani, domin British Airways ya haɗiye shi a 1988. Wannan maƙala za ta bi tarihinsa a taƙaice, ta kuma nuna yadda Nijeriya ta zama silar arzikinsa, sa'an nan ta zama ɗaya daga cikin dalilan karyewarsa.

Asalin Kamfanin

Kano ta daɗe a harkar jiragen sama. Jiragen sojan Ingila sun fara sauka a cikinta a 1925, kamfanin Imperial Airways kuma ya fara jigila zuwa can daga Hartum a 1936. Daga baya BOAC, kamfanin gwamnatin Ingila, ya gaji wannan hanya.

Shi kuwa Caledonian, wani matuƙin jirgi ɗan Sikotilan mai suna Adam Thomson ne ya kafa shi tare da abokan hulɗarsa a 1961, a matsayin ƙaramin kamfanin shata. A 1969 wani kwamiti ya ba gwamnatin Ingila shawarar a samar da babban kamfani mai zaman kansa da zai yi gogayya da na gwamnati. Bisa ga wannan ne Caledonian ya sayi kamfanin British United Airways a Nuwamba 1970, aka raɗa wa haɗin suna British Caledonian a 1971, da mazauninsa a filin Gatwick, kudu da Landan. Don sabon kamfanin ya tsaya da ƙafafunsa, gwamnati ta karɓe hanyoyin Kano da Ikko da Ankara daga hannun BOAC ta miƙa masa a wannan shekarar.

Zamanin Arziki

An yi wannan kyauta a kan gaɓa, domin a 1973 farashin man fetur ya yi tashin gwauron zabo, kuɗi suka malalo Nijeriya. Gwamnatoci suna tura ɗalibai karatu, 'yan kwangila da injiniyoyi suna shigowa, attajirai suna zuwa sayayya da ganin likita. Naira kuma a lokacin ta fi dalar Amurka daraja. Hanyar Nijeriya ta zama wadda ta fi kowace kawo wa kamfanin riba, har ya riƙa sa mata manyan jiragensa samfurin DC-10 da Boeing 747.

Sai dai kamfanin da ya jingina da hanya guda, duk abin da ya taɓa ta ya taɓa shi. An ga alamar haka a Yulin 1984, sa'ad da aka sace Alhaji Umaru Dikko a Landan, aka same shi cikin akwati a filin Stansted. Da hukumomin Ingila suka tsare jirgin Nigeria Airways, sai gwamnatin soja ta rama, ta tsare jirgin British Caledonian a Ikko har aka sasanta.

Faɗuwa

Babbar matsalar dai ta kuɗi ce. Kamfanin yana sayar da tikiti da naira, alhali kuwa da fam da dala yake biyan albashi da bashin jirage. Da kuɗin waje suka yi ƙaranci a Nijeriya bayan 1982, sai cinikinsa ya riƙa maƙalewa a bankunan ƙasar, an sayar amma ba halin fitarwa. Rijiya ta bayar, guga ya hana. A 1986 farashin mai ya rushe, gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta shigo da shirin gyaran tattalin arziki, aka buɗe kasuwar gwanjon kuɗin waje a watan Satumba, nan take dala ɗaya ta koma wajen naira 4. Nairorin da kamfanin ya tara suka zube, masu iya sayen tikiti kuma suka ragu.

A shekarar ce har ila yau Amurka ta kai wa Libiya hari, tashar nukiliya ta Chernobyl ta fashe, Amurkawa suka ƙaurace wa tafiya Turai. Kamfanin ya rufe shekarar da asara.

A gefe guda kuwa, British Airways, wanda shi ma haɗin BOAC da BEA ne na 1974, an sayar da shi ga 'yan kasuwa a Fabrairun 1987, ya fito da ƙarfinsa. A Yuli aka sanar da shirin haɗewa. Kamfanin SAS na ƙasashen Sikandinebiya ya taya wani kaso, amma a Disamba British Airways ya yi rinjaye da fam miliyan 250. A Afrilun 1988 aka daina tashi da sunan British Caledonian.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa ƙarancin fasinja kaɗai bai isa ya bayyana mutuwar wannan kamfani ba. Ƙanƙantarsa a gaban abokin gogayya, da dogaronsa ga ƙasashe masu rayuwa da kuɗin mai, su suka bar shi ba madogara. Faɗuwar nairar da ta karya shi ita ce kuma ta sa karatun Ingila ya gagari ɗan talaka a Gusau da Tsafe. Shi dai ya sami mai saye, jiragensa da hanyoyinsa suka ci gaba da aiki a ƙarƙashin wani suna. Nigeria Airways, da suka yi zamani tare a filin Kano, ya tsaya cik a 2003.