Na'urar da Ba Ta San Jira Ba: Yadda Kanel ke Amsa Kiran Shafin da Babu

Kowace manhaja da ke gudana a waya ko kwamfuta tana aiki ne bisa alkawarin da aka yi mata: ga fili mai faɗi na ajiye bayanai, naki ne ke kaɗai. Amma in aka haɗa abin da aka yi wa manhajoji duka alkawarinsa, sau da yawa ya zarce RAM ɗin da ke cikin na'urar nesa ba kusa ba. Mai rufa wannan asiri shi ne kanel, zuciyar babbar manhaja, irin Linux da ke ƙarƙashin kowace wayar Android. Tsakaninsa da furosesa an daidaita tun sama da shekara sittin. Inda gizo ke saƙar shi ne sauran na'urorin da ke maƙale da kwamfutar, wato katin hoto da katin sadarwa da injinan gaggauta lissafi. Su ma suna taɓa RAM, amma ba a ƙera su da halin jira ba. Koya musu jira, da koya wa kanel amsa kiransu, aiki ne da ya ci shekaru, kuma har gobe ana kansa.

Dabarar da aka gada daga Manchesta

A shekarar 1962 aka ƙaddamar da kwamfutar Atlas a Jami'ar Manchesta ta Ingila, aikin ayarin Tom Kilburn tare da kamfanin Ferranti. Ma'adanarta mai sauri ƙarama ce, mai tsada, ga kuma wata babba mai jan ƙafa. Sai suka yanka bayanai gida-gida, kowane yanki ana ce da shi shafi, suka bar inji da manhaja su riƙa sauya shafukan tsakanin ma'adanan biyu ba tare da mai rubuta manhaja ya sani ba. Dabarar ta iso kwamfutocin tebur da furosesar Intel 80386 a 1985, kuma a kan irin wannan furosesa Linus Torvalds ya fara rubuta Linux a Helsinki a 1991.

A yau girman shafi a mafi yawan kwamfutoci bayit 4,096 ne. Adireshin da manhaja ke gani na aro ne. Akwai jadawali da kanel ke riƙe wa kowace manhaja, wanda ke nuna inda kowane shafin aro yake a ainihin RAM, ko kuma ya nuna cewa ba ya nan. Kamar ɗan kasuwa ne mai rumfa da sito: abin da ake yawan tambaya yana kan kanta, saura yana sito, in mai saye ya nemi wanda babu sai a ce ya ɗan dakata a aiki yaro.

Idan furosesa ta kai hannu ga shafin da ba ya nan, ta yi abin da za mu kira tuntuɓen shafi. Nan take take tsayawa a daidai umarnin da take kai, ta adana halin da take ciki, ta miƙa wa kanel ragama. Kanel ya duba ko manhajar tana da haƙƙin taɓa wurin. In ba ta da shi, yawanci ƙarshenta ke nan. In tana da shi, ya samo shafi, ya ɗauko bayanan daga faifai in can suke, ya gyara jadawali, ya ce a maimaita umarnin. Manhajar ba ta ma san an yi ba. Duk ginin ya dogara ne kan abu ɗaya: furosesa ta iya tsayawa, ta kuma iya ci gaba daga inda ta tsaya.

Masu shiga ba sallama

Na'urori ba haka suke ba. Don kada a ɗora wa furosesa dakon kowane bayit, an ba su damar karantawa da rubutawa a RAM kai tsaye, abin da ake kira DMA. Da farko da adireshin ainihi suke shiga, babu mai tambayarsu. Na'urar da ta rikice, ko wadda mugu ya sarrafa, tana iya rubutu a kan kanel ɗin kansa. Saboda haka aka sa musu mai gadi a ƙofa, IOMMU, wanda ke fassara adireshin da na'ura ta kawo, ya kuma hana ta wuce iyakarta. Intel na kiran nasa VT-d, AMD na cewa AMD-Vi, na kamfanin Arm kuwa SMMU.

To amma wannan mai gadi amsa biyu kawai ya sani a da: wuce, ko kuma a'a. In na'ura ta nemi shafin da babu, sai a watsar da buƙatar, a rubuta rahoton kuskure, aikin ya lalace. Babu hanyar cewa dakata.

Mafitar da aka daɗe ana bi ita ce kafe shafi. Kafin a ba na'ura aiki, kanel ya tabbatar duk shafukan da za ta taɓa suna cikin RAM, ya kuma ɗaure hannun kansa cewa ba zai motsa su ba sai an gama. A ƙaramin aiki wannan ba komai ba ne. A manyan cibiyoyin ajiye bayanai kuwa asara ce mai yawa. Ɗauki kwamfutar kwaikwayo, wadda ake ginawa da manhaja a cikin wata babbar kwamfuta a ba da ita haya. In an ware mata gigabayit 64 aka kuma miƙa mata katin sadarwa na gaske kai tsaye, a tsarin da aka saba dole a kafe gigabayit 64 ɗin gaba ɗaya tun daga tashinta, ko da huɗu kawai take amfani da su, domin ba wanda ya san inda katin zai rubuta. Sauran sittin ɗin sun zama kayan kallo: ba a ba wani aro, ba a kai su faifai, ba a matsar da su don gyara wuri.

Yadda na'ura ke roƙo

Ƙungiyar PCI-SIG, mai tsara ƙa'idojin hanyar PCI Express da na'urori ke bi su isa RAM, ta kawo gyara a matakai uku. Na farko ATS, wanda ya ba na'ura damar tambayar fassarar adireshi tun kafin ta buƙace shi, ta ajiye amsar a ƙaramar ma'ajiyarta. Na biyu PRI, wanda aka ƙara a 2009, shi ne harshen roƙon shafi. Na uku PASID, lamba mai gurbi 20, kowane gurbi sifili ko ɗaya, da na'ura ke liƙa wa kowace buƙata don a san a madadin wace manhaja take magana, abin da ke ba da lambobi 1,048,576.

Mu bi buƙata ɗaya daga farko zuwa ƙarshe. Wata manhaja ta ba injin kwafe bayanai, irin DSA da ke cikin furosesoshin Xeon da Intel ya fitar a 2023, umarnin ya kwafe wani abu zuwa sabon wuri da ta nema daga kanel amma ba ta taɓa rubutu a cikinsa ba. Wurin yana nan a takarda, babu shi a RAM. Injin ya tambayi IOMMU fassara, aka ce masa babu. Maimakon ya kutsa, sai ya aika saƙo: ga adireshi, ga lambar manhaja, rubutu nake son yi. Yana iya haɗa buƙatu da yawa a rukuni ɗaya mai lamba, ya sa wa ta ƙarshe alamar cewa ita ce ta ƙarshe. IOMMU ya rubuta saƙon a layin jira da ke cikin RAM, ya katse furosesa don kanel ya sani.

A nan kanel yake taka-tsantsan. Lokacin katsewa ba wurin zama ba ne, alhali ɗauko shafi na iya buƙatar jiran faifai. Don haka abin da yake yi a lokacin kaɗan ne: ya kwashe saƙonnin, ya tara na rukuni ɗaya har ta ƙarshe ta iso, ya miƙa su ga wani ma'aikaci na cikin kanel da aka yarda ya yi barci yana jira. Shi wannan zai gano manhajar ta lambarta, ya duba ko tana da izinin rubutu a wurin, sannan ya kira ainihin hanyar da ke magance tuntuɓen furosesa. Ba a gina sabuwar ma'aikata ba, an buɗe wa tsohuwar sabuwar ƙofa ne.

Daga nan sai amsa, ɗaya tak ga dukkan rukunin, kuma iri uku ce. An yi nasara, sake gwadawa. Ko buƙatarka ba ta halatta ba, bar wannan aikin. Ko kuma an samu babbar matsala, daina roƙo gaba ɗaya sai an sake saita ka. Abin lura shi ne amsar nasara ba alkawarin dindindin ba ce. Kafin injin ya dawo, ƙarancin RAM na iya sa kanel ya sake ɗauke shafin, sai a sake roƙo. A Linux, sashen da ke wannan aiki ga kowace irin na'ura ya shiga ne a 2021, bisa ƙoƙarin Jean-Philippe Brucker da abokan aikinsa.

Inda wuyar take

Samo shafi shi ne mai sauƙin. Ƙwace shi ya fi wuya. Kafin kanel ya ɗauke shafi daga hannun manhaja, dole ya tabbatar babu wata na'ura da ke riƙe da tsohuwar fassararsa. Sai ya aika mata umarnin gogewa, ya tsaya har ta amsa cewa ta goge. In ya yi gaggawa ya ba wata manhaja shafin, na'urar za ta zuba bayanan wani a cikin na wani, ko ta kwashi sirrin da ba nata ba. Hanyar sanar da irin waɗannan masu riƙe da fassara ta shiga Linux tun 2008 ta hannun Andrea Arcangeli, don amfanin kwamfutocin kwaikwayo, kuma a kanta aka ɗora wannan sabon gini.

Sai batun mutuwa. Manhaja na iya rufewa alhali roƙon da aka yi da sunanta yana kan hanya. In aka ba sabuwar manhaja lambarta nan take, tsohon roƙo zai iso a buɗe masa ƙofar wanda bai san hawa ba bai san sauka ba. Shi ya sa ake tsayar da na'urar, a tace layin jira tas, kafin a sake amfani da lambar.

Akwai kuma batun amana. Na'urar da ta lalace tana iya ambaliyar roƙo ta cika layi ta toshe wa kowa, don haka kanel yake ƙayyade wa kowace adadin buƙatun da za ta iya bari a rataye. Wannan tsoro ba na banza ba ne. A 2019 masu bincike daga Jami'ar Kambirij da abokan aikinsu suka nuna, a binciken da suka kira Thunderclap, cewa muguwar na'ura da aka soka ta ƙofar Thunderbolt tana iya kaiwa ga bayanan da ba nata ba, wani lokaci ko da IOMMU na aiki, saboda sakacin manyan manhajoji wajen amfani da shi.

Na ƙarshe shi ne lokaci. Ɗauko abu daga faifan SSD ya ninka ɗauko shi daga RAM jinkiri kusan sau dubu. Katin hoto na iya jingine aikin da ya tsaya ya kama wani, shi ya sa NVIDIA ta sa wa katunanta na Pascal wannan dabara a 2016, Linux kuma ya karɓi tsarin HMM na Jérôme Glisse a 2017, wanda ke ba irin waɗannan katuna damar bin jadawalin manhaja har a kai shafi cikin ma'adanar katin. Katin sadarwa ba shi da wannan sararin. A layi mai gudun gigabit 100, cikin kashi ɗaya bisa dubu na daƙiƙa bayanai masu cika shafi sama da 3,000 sun iso, kuma mai aikowa bai san ana jira ba. Ko dai a zubar a nemi a sake aikowa, ko a tanadi wurin sauke su na wucin gadi. Don haka kafe shafi bai mutu ba, kuma a wasu ayyukan shi ne daidai.

Arm yana da wata hanya a SMMUv3 don na'urorin da aka gina a jikin furosesa: mai gadin ne da kansa ke riƙe buƙatar a ƙofa har kanel ya ce a ci gaba ko a soke. Na'urar ba ta buƙatar koyon roƙo. Amma ba a son haka ga na'urorin PCI Express na gama-gari, domin buƙata ɗaya da ta tsaya na iya toshe hanyar da wasu ke bi.

A kwamfutar kwaikwayo kuwa, kanel ɗin mai masauki, wato babbar kwamfutar, ba shi ne mai jadawalin ba, na baƙon ne, wato kwamfutar kwaikwayon. Dole roƙon ya hau ya isa wurin baƙo, amsar ta sauko. Tsarin iommufd, wanda Jason Gunthorpe ya jagoranta, ya shiga Linux 6.2 a 2023, sannan a 2024 aikin Lu Baolu na Intel ya ba shi ikon isar da irin wannan roƙo. Tambayar da ta biyo baya mai nauyi ce: in baƙon ya ƙi amsawa, ko ya mutu, wa zai sallami na'urar?

Ga abin da ya sa nake ganin darasin ya wuce ɗakin injiniyoyi. RAM kuɗi ne, wutar lantarki ce, kuma duk gigabayit da aka kafe ba a amfani da shi, mai hayar kwamfuta ne zai biya. Amma ribar ba ta samuwa sai da horo mai tsanani: kada a bar roƙo ba amsa ko da a'a ce, kada a ƙwace abu sai mai riƙe da shi ya ce ya saki, kada a ba wani lambar mamaci sai an sallami masu binsa. Wanda ke koyon yaren rubuta manhaja na C kuma yake son ganin yadda ake rubuta waɗannan ƙa'idoji a aikace, ya nemi fayil ɗin io-pgfault.c a sashen IOMMU na Linux. Bai kai layi dubu ba, kyauta ne, kuma kowa na da izinin karantawa da kawo gyara.