Fatalwoyin Hasumiyar Landan

Hasumiyar Landan, ginin tsaron da Sarki William ya fara a bakin kogin Thames wajajen 1078, ta taɓa zama fada da kurkuku da wurin zartar da hukuncin kisa, shi ya sa labaran fatalwa, wato kurwar mamaci da ake cewa tana bayyana ga masu rai, suka yi mata katutu. Wadda aka fi ambata ita ce Anne Boleyn, matar Sarki Henry na Takwas, da aka fille wa kai da takobi a 1536 bisa zargin cin amanar aure, zargin da masana tarihi da dama ke ganin ƙage ne, kuma ana cewa tana zagaya cocin da aka binne ta babu kai a wuyanta.

Mafi ban tausayi shi ne labarin wasu yara biyu, Edward na Biyar da ƙanensa Richard, waɗanda suka ɓace a ginin a 1483, ake kuma cewa ana ganinsu cikin fararen rigunan barci, riƙe da hannun juna. A 1674 magina suka tono ƙasusuwan yara biyu ƙarƙashin wata matakala a ginin, aka yi zaton nasu ne, aka kai su cocin Westminster.