Me Ya Dace a Shuka a Ƙarƙashin Mangwaro?

Hausawa kan ce inuwar giginya na nesa ka sha. Mangwaro kuwa inuwarsa a gindinsa take, mai kauri da sanyi. Wannan ne yake sa mai lambu ya yi sha'awar zuba irin tumatir ko barkono a wurin. Bayan 'yan makonni sai tsiron ya yi tsawo, ya sirance, ganyensa ya koɗe, daga bisani ya kwanta. An yi asarar iri da ruwa da wahala, wani lokaci har itacen ma ya rage 'ya'ya.

Dalili na farko shi ne haske. Ganye yana haɗa abincin tsiro daga ruwa da iskar kabon-dayokzaid, da ƙarfin hasken rana. Mangwaro ba ya tuɓe ganye gaba ɗaya a kowane lokaci na shekara, saboda haka hasken da ke isa ƙasa kaɗan ne. Ya bambanta da gawo, wanda ke zubar da ganye da damina har gero ya yi kyau a ƙarƙashinsa. Tumatir da barkono da kuɓewa da masara duk masu son rana ne, ba su da rabo a nan. Waɗanda ke jure inuwa su ne citta da kurkum da gwaza da na'a-na'a. Ko cittar da ake nomawa a fili a yankunan Kachia da Jaba na Jihar Kaduna, asalinta tsiron ƙarƙashin itatuwa ce a dazuzzukan Asiya. Duk da haka, a dasa su wajen bakin inuwa, inda ranar safe ko ta yamma ke ratsowa.

Na biyu shi ne saiwa. Ƙananan saiwoyin da itace ke shan ruwa da su ba su da nisa da saman ƙasa, kuma sukan bazu har su wuce iyakar rassa. Huɗa mai zurfi tana yanke su. Lemu ya fi cutuwa da haka, kuma idan gindinsa ya daɗe cikin danshi sai ya kamu da ciwon da ke ruɓar da ɓawo, ƙaro yana tsatsafowa. Don haka a bar kimanin mita 1 kewaye da kututture babu shuka. Gwaiba kuwa a nisanta ta da tumatir da kuɓewa, domin suna tara wasu tsutsotsi da ido ba ya gani, masu sa saiwa ta yi ƙulli-ƙulli.

Na uku shi ne lokacin ban ruwa. Mangwaro yana bukatar ƙasa ta bushe kafin ya yi fure da hunturu. Idan ana kwarara ruwa a gindinsa bayan ɗaukewar damina saboda kayan lambu, zai iya fitar da sabon ganye a maimakon fure. Citta da kurkum sun dace da wannan tsari, domin da damina suke girma, ana tone su idan ganyensu ya bushe.

Shekarun itacen ma abin lura ne. Akan dasa mangwaro da tazarar kimanin mita 10, kuma a shekaru 3 zuwa 4 na farko filin da ke tsakani yana shan rana sosai. A lokacin ne wake da gyaɗa suka fi amfani, domin bakteriyar da ke zaune cikin ƙulle-ƙullen saiwarsu tana kamo naitirojin daga iska. Idan aka bar harawa ta ruɓe a wurin, ƙasa za ta amfana.

Ɗalibai za su iya gwada wannan a lambun makaranta. A shuka wake da citta a tukwane, a ajiye wasu kusa da kututture, wasu a bakin inuwa, wasu a sarari, a riƙa ba su ruwa daidai wa daida. Bayan sun tsiro, a auna tsawonsu, a ƙirga ganyensu kowane mako har mako 6. Abin da aka rubuta a littafi shi zai nuna wa aji inda kowane tsiro ya fi samun sakewa.