Tsarin Gaɓa da Kurakuran Furuci a Larurar Afasiya

Afasiya larura ce da ke gurgunta maganar mutum bayan ya riga ya iya harshensa, sakamakon lahani a ƙwaƙwalwa, galibi a ɓangaren hagu. Paul Broca ya bayyana wani nau'inta a 1861, Carl Wernicke kuma ya bayyana wani a 1874. Babban sanadinta shi ne shanyewar ɓarin jiki, wanda kan sami hatta yara masu cutar sikila. Don haka malami na iya cin karo da ita a ajinsa.

Kurakuran furucin masu wannan larura ba kara-zube suke zuwa ba. Nazarin Sheila Blumstein na 1973 kan masu jin Ingilishi, da na Cristina Romani da Claudia Galluzzi na 2005 kan masu jin Italiyanci, sun nuna cewa majinyata da yawa kan karkata zuwa gaɓa mafi sauƙi, wato baƙi da wasali. Baƙin farkon gaɓa yakan tsira, na ƙarshenta yakan faɗi, cunkoson baƙaƙe kuma a rage shi.

Hausa tana da tsarin gaɓa uku: BW (ci), BWW (kai) da BWB (nan). Ba ta yarda da cunkoson baƙaƙe a farkon gaɓa ba, saboda haka wurin da ya fi rauni shi ne ƙarshen rufaffiyar gaɓa. Bisa wannan, muna sa ran majinyaci ya mayar da "kasko" ta koma "kako" ko "kasako". Tarihin harshen ma ya nuna raunin wannan gurbi, kamar yadda August Klingenheben ya bayyana: "zamna" da "sabka" na Sakkwatanci su ne "zauna" da "sauka" a Kananci.

Muna ba masu tsara manhaja shawarwari uku. Na farko, atisayen furuci ya fara da BW, sannan BWW, a ƙare da BWB. Na biyu, gwajin da aka gina kan cunkoson baƙaƙen Ingilishi ba zai auna mai jin Hausa daidai ba. A tsara namu kan rufaffiyar gaɓa. Na uku, a makarantun Abuja, inda kare-karen Hausa ke cuɗanya, malami ya bambance karin harshe da larura. Yaron da ya ce "zamna" lafiyarsa lau. Wanda kuwa ya wayi gari yana yar da baƙaƙen da ya saba furtawa, a gaggauta kai shi asibiti.