Matsin Tattalin Arziki da Rashin Aiki: Yadda Jihohin Amurka Suka Sha Bamban a 2007 zuwa 2009

Idan aka ce rashin aikin yi a wata ƙasa ya kai kashi goma cikin ɗari, mai sauraro zai ɗauka cewa a kowane gari mutum ɗaya cikin ma'aikata goma ne ke zaune babu aiki. Ba haka abin yake ba. Wannan adadi matsakaici ne kawai, kuma yakan ɓoye fiye da abin da yake bayyanawa. Matsin tattalin arzikin da ya auka wa Amurka daga Disamba 2007 zuwa Yuni 2009 ya ishe mu misali, domin ƙasar tana ƙidaya ma'aikatanta wata-wata, jiha-jiha, sana'a-sana'a.

A ƙasar baki ɗaya an yi asarar guraben aiki kimanin miliyan 8.7. Rashin aiki ya tashi daga kashi 5 cikin ɗari a ƙarshen 2007 zuwa kashi 10 a watan Oktoba 2009. Amma a jihar Mishigan ya haura kashi 14, a Nebada ya haura 13, alhali a Dakota ta Arewa ko kashi 5 bai kai ba. Kuɗinsu ɗaya, babban bankinsu ɗaya, shugaban ƙasarsu ɗaya. To, me ya kawo wannan tazara?

Amsar farko ita ce irin abin da kowane yanki yake samarwa. Magidancin da ya ga alamar kuɗi za su yi wuya ba ya daina cin abinci, ba ya kuma ƙin kai ɗansa asibiti. Abin da yake ɗagawa shi ne sayen sabuwar mota da gina sabon gida, tunda tsohuwar motar za ta iya ƙara shekara guda. Saboda haka sana'o'in da ke yin kaya masu daɗewa su ne suka fara ji a jikinsu. Aikin gine-gine ya rasa gurabe fiye da miliyan 2, masana'antu ma haka. A gefe guda kuwa, aikin kiwon lafiya ya ci gaba da ɗaukar ma'aikata har a tsakiyar matsin. Da yake maza ne suka fi yawa a gini da masana'antu, mata kuma a asibitoci da makarantu, sai ya zamana fiye da kashi biyu cikin uku na guraben da suka salwanta na maza ne.

Mishigan ita ce cibiyar ƙera motoci. Motocin da ake sayarwa a Amurka sun sauko daga kimanin miliyan 16 a 2007 zuwa miliyan 10 da ɗoriya a 2009, kuma a shekarar ce kamfanonin Chrysler da General Motors suka durƙushe har sai da gwamnati ta tallafe su. Mai karatu ya lura cewa mota ɗaya tana ɗauke da dubban sassa, kuma ƙananan masana'antu ne ke yin su a garuruwan Mishigan da Ohio da Indiana. Da babban kamfani ya tsayar da injinansa, sai duk waɗannan su yi cirko-cirko. Yankin Elkhart a Indiana, wanda ya dogara da ƙera motocin yawon shaƙatawa masu ɗaki a ciki, rashin aikinsa ya kusa kashi 20 a farkon 2009.

Ciwon Nebada daban ne. Ita da Arizona da Florida da Kalifoniya sun yi shekaru suna gina gidaje da kuɗin bashi, farashi yana ta hauhawa, mutane suna jinginar da gidajensu su ƙara karɓar rance. Da farashin ya juya, gida a Las Vegas ya rasa fiye da rabin darajarsa. Magina da kafintoci da masu haɗa wutar lantarki suka rasa aiki, baƙi masu zuwa yawon buɗe ido kuma suka ragu, otal-otal suka sallami ma'aikata.

Sai dai irin sana'a kaɗai ba ta isa ta bayyana komai ba. Masana tattalin arziki biyu, Atif Mian da Amir Sufi, sun raba ayyuka gida biyu. Akwai waɗanda ake sayar da amfaninsu a nesa, kamar mota ko injin. Akwai kuma waɗanda sai a cikin gari ake cin moriyarsu, kamar kanti da gidan abinci. Suka tarar cewa ayyukan rukuni na biyu sun fi salwanta a gundumomin da darajar gidaje ta fi faɗuwa, domin wanda bashi ya yi wa katutu shi ne ya fara tsuke bakin aljihunsa, kuma maƙwabcinsa mai kanti ne ya fara gani. Ayyukan rukuni na farko kuwa sun salwanta ba tare da la'akari da bashin garin da masana'antar take ba, tunda masu sayen kayanta suna can wasu jihohi. Wato idan mutumin Las Vegas ya fasa sayen mota, ma'aikacin da za a sallama yana iya kasancewa a Ohio, bai taɓa taka Nebada ba. A ganina wannan shi ne sakamako mafi amfani ga ɗalibi, domin yana nuna hanyoyi biyu da matsi ke bi: ɗaya tana tsayawa a unguwa, ɗaya tana ƙetare dubban kilomitoci.

Dakota ta Arewa fa? Gidajenta ba su yi irin waccan tsadar ba, balle su faɗi. Amfanin gona yana da daraja a waɗannan shekaru, sannan sabuwar dabarar fasa duwatsun ƙarƙashin ƙasa ta buɗe man fetur na yankin Bakken. Ma'aikata suka yi ta kwarara garin Williston har wurin kwana ya yi wuya. Amma kada a ɗauka wata hikima ce ta musamman. Dace ne da lokaci. Da farashin mai ya faɗi daga ƙarshen 2014, ita ma ta ɗanɗana kuɗarta, a daidai lokacin da sauran jihohi ke farfaɗowa.

Akwai kuma sashen da ciwon ya riska a makare. Gwamnatocin jihohi da na ƙananan hukumomi suna dogara ne da haraji, kuma kusan dukkan jihohin doka ta hana su kashe fiye da abin da suka samu a kasafinsu na yau da kullum. Da haraji ya ragu, sai suka shiga rage ma'aikata, har da malaman makaranta masu yawa, bayan an riga an ce matsin ya ƙare.

Tambayar da ta rage ita ce yadda yanki yake warkewa. A 1992 Olivier Blanchard da Lawrence Katz sun nuna cewa a Amurka jihar da ta rasa ayyuka takan ga adadin rashin aikinta ya koma daidai cikin 'yan shekaru, amma galibi saboda mutane sun yi ƙaura ne, ba don ayyukan sun dawo ba. Bayan 2009 ko wannan hanyar ba ta yi aiki sosai ba. Binciken Danny Yagan ya nuna cewa mutanen da matsin ya same su a yankunan da ya fi tsananta, har zuwa 2015 ba su koma aiki kamar takwarorinsu na wasu wurare ba. Da yawansu sun daina nema gaba ɗaya, kuma ƙa'idar ƙidaya ita ce wanda ba ya neman aiki ba a lissafa shi cikin marasa aiki. Ta haka adadin zai iya sauka alhali mutumin yana nan zaune a gida.

Amurka ta mayar da yawan guraben da ta rasa a shekarar 2014. Shekara guda kafin nan, a watan Yuli 2013, birnin Detroit, wanda mazaunansa suka kai kusan miliyan 1.85 a 1950 amma suka koma dubu 700 da 'yan kai a ƙidayar 2010, ya shigar da takarda a kotu cewa ba zai iya biyan basussukansa ba.