Masu Babur A Dawanau, Ku Daina Ɗora Wa Batir Laifin Da Ba Nasa Ba

Duk wanda ke zama wajen masu gyaran babur a bakin titin Katsina, daura da kasuwar hatsi ta Dawanau, ya san wannan hali. Mutum zai turo Boxer ko Jincheng ɗinsa, hon ya dashe, fitila ta yi ja, kafin bakanike ya buɗe baki ya riga ya yanke hukunci: "Batir ne, sa min sabo." A sa masa, ya biya, ya ɗaura buhun gero ya nufi Dawakin Tofa. Bayan mako biyu sai ga shi yana zagin mai shago, wai an sayar masa da jabu. An bar jaki ana dukan taiki ke nan.

Batir ajiya kawai yake yi. Koyil ne ke samar da wuta idan inji na aiki, rektifaya kuma ta gyara ta, ta daidaita ƙarfinta kafin ta shiga batir. Idan ɗayansu ya lalace, ko batir goma ka saya haka za su mutu ɗaya bayan ɗaya. Gwajin kuwa bai kai minti biyar ba. A ɗora mita a kan batir babur na kashe, lafiyayye zai nuna wajen bolt 12.6. A tayar, a ɗan ja totur, ya kamata ya hau tsakanin 13.5 da 14.5. Idan bai motsa ba, caji ba ya zuwa. Idan ya haura 15, rektifaya ce ke dafa batirin, shi ya sa za ka ga ruwansa na ƙonewa, ƙwan fitila na yawan mutuwa.

Abin haushi, mutumin da ba ya yarda a auna masa ridi sai ya tsaya a kan sikeli da idonsa, shi ne zai zare kuɗin batir ba tare da ya ce a gwada ba! Wasu masu gyaran ma, Allah ya shirye su, mita ba su da ita, sai goga waya a jikin ƙarfe su ga tartsatsi. Idan ka ga haka, Malam, ja babur ɗinka zuwa wajen mai wayarin.

Kafin ma a kai ga mita, duba kawunan batir. Ƙurar hunturu da ruwan damina na sa su tsatsa, gargadar hanyar ƙauye kuma na kwance su. Kankare, ka ɗaure. Fis ɗin da ya ƙone a sa irinsa, kada a naɗe shi da waya, domin haka wayarin ke kamawa da wuta. Batir mai ruwa kuma tataccen ruwan batir (ba asid ba) ake ƙara masa, ban da na rijiya. Masu jibga wa babur fitilu barkatai da sifika da cajar waya, su sani koyil ɗin ƙarami ne, ba zai ɗauki wannan lodi ba.