Lasisi a Hannu, Ba Kujera: Yadda Ake Ɗaukar Matuƙan Jirgin Sama a Yankinmu

Duk safiyar da jirgi ya ratsa sararin Gumani zai sauka a filin jirgin Tamale, yayata sai ta bar abin da take yi ta ɗaga kai. Ko wanke-wanke take, ko tana ƙulla kayan da za ta kai kasuwar Aboabo, sai ta bi shi da kallo har ya ɓace ta wajen hanyar Bolgatanga. Da farko jikokinta dariya suke mata. Yanzu sun daina, don sun gane abin da take kallo.

Ɗanta na biyu matuƙin jirgin sama ne. Haka lasisinsa ya ce. Yau shekara uku ke nan da dawowarsa daga makarantar koyon tuƙi a Afirka ta Kudu, kuma har yanzu bai ɗauki fasinja ko ɗaya ba. Fili guda aka sayar, da shanun gadon mahaifinsa, sannan 'yan uwa na Kumasi da na Nima suka yi karo-karo, kafin aka kammala biyan kuɗin karatun. Ni ma akwai ɗan abin da na sa, shi ya sa nake ganin ina da bakin magana.

Ranar da ya dawo an yi walima, malamai sun yi addu'a, mutanen zango suna ta cewa mun samu namu. A zatonmu daga lasisi sai aiki. Ashe ko rabin tafiyar ba a yi ba.

Shi ya zaunar da ni ya yi mini bayani, da littafin da yake rubuta sa'o'in tashinsa a buɗe a kan tabarma. "Kawu, ka ga wannan? Sa'a 200 da 'yan kai ne kawai," in ji shi. Abin da dokar duniya ta nema ke nan don a ba mutum lasisin tuƙi na kasuwanci. Amma kafin ya samu babban lasisin da ake zama kyaftin da shi a jirgin fasinja, sai ya tara sa'a 1,500. Tsakanin 200 da 1,500 ɗin nan ne ramin da yaranmu suke faɗawa. Kamfani na son mai sa'o'i da yawa, sa'o'in kuma ba sa taruwa sai kamfani ya ɗauke ka.

Akwai kuma abu na biyu. Kowane irin jirgi da horonsa na daban. Wanda ya ƙware a kan Embraer 145, irin wanda kamfanin Africa World Airlines yake kawowa Tamale, ba zai shiga Dash 8 irin na PassionAir ya tuƙa kawai ba, sai ya sake zama a aji, ya shiga na'urar kwaikwayon tuƙi, ya ci jarrabawa. Wannan horo dubban daloli ne, kuma galibi a ƙasar waje ake yin sa. Wani kamfanin yakan biya maka, ya ɗaure ka da yarjejeniyar shekaru. Wani kuwa cewa zai yi ka zo da abinka a hannu.

Yaron ya aika takardun neman aiki zuwa kamfanoni shida a ƙasashe uku. Huɗu ko amsa ba su ba shi ba. Ɗaya ya ce babu gurbi. Na shidan, wani kamfani a wata ƙasa maƙwabciya, ya kira shi, ya yi jarrabawar rubutu, ya yi ta baki, aka ce ya koma gida za a neme shi. Bayan wata biyu sai ya ga hoton wani abokin karatunsa sanye da kayan aikin kamfanin. Tare suka gama, sa'o'insu kusan ɗaya, kuma a iya saninsa abokin bai zauna jarrabawar ranar ba. Da ya kira shi don yi masa murna, abokin bai ɓoye ba: wani ɗan uwan mahaifinsa ne ya yi masa magana a sama.

Gaskiya a lokacin zuciyata ta tafi wani wuri. Na ce ko don sunansa ne, ko don daga arewa ya fito. Mu mutanen zango mun saba da irin wannan zargi, kuma ba kullum ne muke kuskure ba. Amma da na bi diddigi ban samu abin da zan riƙe ba. Wanda aka ɗauka ɗin ma Musulmi ne. Bambancinsu ɗaya, shi yana da uwa a gindin murhu.

Wannan ya sa na nemi wani tsohon kyaftin, ɗan zango, wanda ya yi shekaru yana tuƙa ƙananan jiragen fasinja a Afirka ta Yamma kafin ya ajiye aiki. Mun haɗu bayan sallar La'asar, ya saurare ni har na gama ƙorafina, sannan ya ce, "Malam, ka bar batun shiga. Wanda ya shiga ɗin ma yana kuka."

A cewarsa, matsalar tamu ita ce tsanin ba shi da matakalar sama. Kamfanin Ghana Airways, wanda aka kafa a 1958, ya durƙushe, aka rufe shi a 2005. Ghana International Airlines da ya gaje shi ya tsaya a 2010. Antrak Air na Alhaji Asoma Banda ya daina tashi a 2015, Starbow kuma ya bi sahu a ƙarshen 2017. Duk lokacin da kamfani ya mutu, ƙwararrun matuƙa ne suke zubowa kasuwa suna neman aiki, sai sabon yaro mai sa'a 200 ya koma ƙarshen layi. Wanda kuwa ya yi shekaru yana kai-kawo tsakanin Accra da Tamale da Kumasi, in yana son babban jirgi mai nisan zango, sai dai ya duba Habasha, ko Najeriya, ko ƙasashen Larabawa.

Can ma ba a shiga da sauƙi. Manyan kamfanoni sukan duba nauyin jirgin da ka saba da shi, da ko mai injin jet ne ko mai farfela. Sai ka ga mutum ya tara dubban sa'o'i, ya sauka cikin ƙurar hunturu da hadarin damina ba adadi, amma a ce masa jirginsa ƙarami ne. In ma an ɗauke shi, sau da yawa kyaftin zai koma kujerar dama ya zama mataimaki, ya fara lissafin shekarun aiki daga farko.

Abin da ya fi yi wa tsohon ciwo shi ne batun ƙarin girma. Ya ce ya taɓa aiki a wani wuri inda mataimaka 'yan ƙasa suka cika sharaɗi suna jiran a gwada su, sai aka ɗauko kyaftin-kyaftin daga waje aka ɗora a kansu. Na tambaye shi ko wannan ba zalunci ba ne. Ya yi shiru kaɗan, ya ce wani lokacin dole ce, don in ka sayo sabon jirgi ba ka da wanda ya san shi, sai ka ɗauko mai koyarwa. "Amma mai koyarwa ya kamata ya zo da ranar tafiyarsa. In shekara biyar ta wuce yana nan, to ba koyarwa ya zo yi ba."

A Amurka an bi wata hanya. Bayan haɗarin jirgin Colgan Air kusa da birnin Buffalo a watan Fabrairun 2009, wanda ya ci rayuka 50, an tsaurara doka, daga 2013 har mataimakin matuƙi sai ya tara sa'a 1,500, in ban da wasu da aka sassauta wa kamar tsofaffin sojoji. Wannan ya ƙara wa talaka nisan tafiya, babu shakka. Sai dai akwai abin da ya burge ni: kamfanin American Airlines yana da ƙananan kamfanoni uku, Envoy da Piedmont da PSA, kuma matuƙinsu yana iya haurawa zuwa uwar kamfanin bisa layin wanda ya riga wani shiga, ba sai ya sake zaman tantancewa ba. Layin na iya yin tsawo, mutane suna gunaguni, amma kowa ya san lambarsa.

Ni a ganina nan ne gizo yake saƙar. Ba na cewa a ɗauki ɗan yayata don ɗan yayata ne. Jirgi ba wurin alfarma ba ne, ni ma in na hau ina son wanda ya fi iyawa ya riƙe ni. Abin da nake nema kaɗan ne: a tallata gurbi kowa ya gani, a faɗi sharaɗi tun farko, wanda ya faɗi jarrabawa a gaya masa inda ya faɗi. Hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Ghana tana sa ido sosai a kan lasisi da lafiyar matuƙa. Da majalisa za ta nemi kamfanoni su riƙa bayyana yadda suke ɗaukar sabbin matuƙa, da an rage zargi.

Mu ma da namu laifin. Attajiranmu sukan kai mutane Makka duk shekara, Allah Ya saka musu, amma ban taɓa jin an haɗa gidauniya a zango don biya wa yaro horon jirgi ba. Tun 2016 alhazai suke tashi kai tsaye daga Tamale, a watan Agustan 2023 kuma aka buɗe sabon ginin filin jirgin. Ga kwalejin koyon tuƙin jirgi ta Zariya, tun 1964 take, cikin ƙasar Hausa, amma iyaye da yawa a nan ba su ma san da ita ba. Mu ma sai bayan an sayar da fili muka ji labarinta.

Yanzu yaron yana aiki a wani shagon sayar da tikiti a cikin gari, yana yanka wa wasu takardar shiga jirgin da zai iya koyon tuƙawa cikin 'yan makonni. Takardar shaidar lafiyarsa shekara ɗaya take yi, wata mai zuwa za ta ƙare, kuma in ba a sabunta ba lasisin ya zama ado. Tsohon kyaftin ya karɓi kwafin littafin sa'o'insa, ya ce zai nuna wa wani tsohon ɗalibinsa. Na lura cewa mu ma hanyar da nake suka muka bi, kuma ban hana ba.

Jiya da daddare yayata ta leƙo ɗakina da ƙullin kuɗi a bakin zane. Ta ce, "Na ɗauki adashina. Ka tambaye shi nawa ne kuɗin likitan, kar ka ce daga wurina ya fito."